Daga Rumfar Mai Wurno: An Haɗa Laftof Ta Kunnu, Amma Fuska Baƙi Ƙirin

 

Saƙonni uku ne suka shigo mini a makon nan, kuma kukansu ɗaya. Wata hajiya da ke Jidda ta aiko wa ɗanta kayan gyaran laftof zuwa Singa. Wani ɗan uwa mai harkar riɗi ya rubuto daga Gadarif, sai kuma wani ɗalibi daga Damazin. Dukkansu cewa suke yi: mun haɗa ta, mun danna, fitila ta kawo, fanka tana juyawa, amma fuska baƙi ƙirin. Shi na Gadarif har ya ƙara da cewa lissafin bashin mutum fiye da talatin yana cikinta, ga kaka ta matso. To, wannan ba maganar da za a jinkirta ba ce.

Masu karatunmu na Kano za su ce, yo me zai hana a kai ta titin Beirut ko Farm Centre? Mu ma da haka muke yi, sai mutum ya hau mota zuwa Madani ko Hartum ya dawo da abinsa a gyare. Amma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 lamarin ya sauya. Madani ta faɗi a Disamban 2023, Singa ta bi baya a Yunin 2024. An wawashe shaguna, masu gyara sun watse, wasu Kasala, wasu Bur Sudan, wasu Masar. Ko da sojoji suka karɓo Singa a Nuwamban 2024 da Madani a Janairun 2025, kayan gyara ba su dawo kamar da ba. Mutane kuwa sun gudo da abin da hannu ya iya ɗauka: wannan tasa gilashi ya fashe a cikin mota, wancan tasa ruwa ya shiga. Sai samari suka koma haɗa gawa biyu su tayar da mai rai ɗaya, domin jami'o'i da dama sun mayar da darasi ta intanet, 'yan kasuwa kuma suna bukatar lissafinsu. Abin bai ba ni mamaki ba. Kakanninmu da suka baro Burmi a 1903 suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Bahar Azrak, ai da facin salka da ɗinkin sirdi suka iso.

Ni dai ba injiniya ba ne. Caja da batura da kayan sola nake sayarwa, amma rumfata tana jikin ta mai gyara shekara da shekaru, kuma mai zama kusa da maƙera ba ya rasa sanin zafin ƙarfe. Abin da zan jero muku na tsara shi ne yadda ɗan kasuwa ke tsara kashe kuɗi: a fara da gwajin da ba ya cin ko sisi, sai an rasa mafita a taɓa aljihu.

Fara da ceton abin da ke ciki

Kafin komai, ɗan uwa na Gadarif, kwantar da hankalinka. Lissafinka ba a cikin gilashi yake ba. Yana cikin rumbun ajiya, wanda masu gyara ke kira had dis, ko kuma ɗan siririn nan SSD. Fuska ta mutu ko ta rayu, abin da ke rumbun yana nan. Kuma laftof ba ta bukatar rumbun kafin ta nuna tambarin kamfani; ko babu shi za ta haska ta rubuta cewa ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Don haka cire shi tun farko, ka naɗe a takarda ka ajiye nesa da yara, ka yi duk gwaje-gwajenka babu shi. Idan bukata ta matsa, akwai ɗan gidan da ake zura rumbun a ciki a jona shi da wata kwamfuta ta USB a kwashe takardu.

Sai dai fa a kula da abu guda. Wasu kwamfutocin Windows suna kulle rumbunsu da wani makulli mai suna BitLocker, sau da yawa mai ita bai ma san an kulle ba. Idan aka mayar da rumbun kan wata na'ura, sai ya nemi lambobin buɗewa guda 48. Galibi suna ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. In ka ga shuɗin shafi yana neman lambobin nan, kada ka bari kowa ya ce maka bari a goge a sake zubawa. Gogewa ita ce asarar gaske. A nemo imel ɗin da aka buɗe kwamfutar da shi tukuna.

Ƙa'idar taɓa ciki

Duk lokacin da za ka sa hannu a cikinta, zare caja, ka cire batir. Idan batir ɗin na ciki ne, bayan ka buɗe murfin ƙasa abin da za ka fara zarewa shi ne wayarsa daga babban allon ciki, wato bod. Kada ka yi aiki a kan bargo ko tabarmar roba, musamman da rani lokacin da iska ta bushe har jalabiya na tartsatsi. Wannan ɗan tartsatsin da ba ya yi maka komai yana iya kashe ƙananan kayan ciki. Ka taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin ka fara. Kusoshin kuma ka raba su a kofunan shayi, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma doguwar kusa a ramin gajera tana iya huda bod. In ana habub, rufe aikin sai ƙura ta lafa.

Baƙi iri uku ne

Ba kowane baƙin fuska ne ciwo ɗaya ba. Akwai wadda ko fitila ba ta kawowa, wannan matsalar wuta ce. Akwai wadda fitila ke kawowa, fanka ta juya, amma ƙwaƙwalwarta ba ta farka ba. Akwai kuma wadda ta farka sarai tana aiki, gilashin ne kawai ba ya nuna maka.

Ga yadda za ka bambance na biyu da na uku. Kunna ta, ka ba ta minti biyu ko uku, don wasu in an sauya musu kaya sukan ɗan jima a duhu kafin su nuna. Sannan ka danna Caps Lock da ke gefen hagu. Idan 'yar fitilarsa tana kawowa tana ɗaukewa duk lokacin da ka danna, albishirinka, na'urar ta farka, ciwon yana tsakanin bod da gilashi. Idan ko gezau ba ta yi ba, to ba ta tsallake binciken da take yi wa kanta a farkon tashi ba, kuma wanda aka fi kamawa da laifi a nan shi ne ram.

Kowanne ne daga ciki, fara da zubar da ragowar wuta. Babu caja, babu batir, ka danne madannin kunnawa na daƙiƙa 30. Sai ka jona caja kaɗai ka kunna. Wasu samfuran ThinkPad masu batir na ciki suna da ɗan rami a ƙasa da ake zura allura don wannan aikin. Na sha ganin wannan kaɗai ya tayar da wadda aka fitar da rai da ita.

Tocila da talabijin

Idan Caps Lock ya amsa, shiga ɗaki mai duhu ka haska tocilar waya a jikin gilashin, a karkace, ka matso da ido. In ka hango inuwar rubutu ko tambari dishi-dishi, to hoto yana zuwa, fitilar da ke bayan gilashin ce ba ta kawowa. Ka fara danna madannin ƙara haske, don wani lokacin an rage shi ne har ƙasa.

Gwaji na biyu, jona ta da talabijin ta wayar HDMI, ko tsohuwar shuɗiyar nan VGA. Ka tabbata ka juya talabijin ɗin zuwa mashigar da ka jona. In bai nuna ba, danna madannin Windows tare da P, ka sake danna P, sannan Enter. Idan hoto ya fito a talabijin, bod ɗinka lafiya lau. Ɗalibinmu na Damazin, ko a haka za ka iya ci gaba da darasi kafin a samu gilashi. Da babu gara ba daɗi. Masu Dell kuma suna da wata dabara: a kashe ta, a danne harafin D sannan a kunna. In gilashin na da rai zai riƙa nuna launuka ɗaya bayan ɗaya.

Ram: kama da wane ba ta wane

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan yawancin masu haɗe-haɗe ke faɗawa rami. Ram shi ne ɗan siririn allon nan mai haƙoran zinariya, wanda ƙarafa biyu ke riƙe da shi gefe da gefe. Idan bai zauna daidai ba, ko bai dace da na'urar ba, fanka za ta yi ta juyawa fuska kuwa ba za ta nuna komai ba.

Buɗe ƙarafan biyu, zai ɗago da kansa. Zare shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa haƙoran. Goge haƙoran a hankali da kilinar fensir ta 'yan makaranta, ka kakkaɓe. Wajen mayarwa, a karkace ake zura shi, a tura har haƙoran su kusa ɓacewa cikin ramin, sannan a danna ƙasa sai an ji ƙas. Mutane da yawa suna jin ƙas ɗin alhali bai shige ba, saboda sun danna ƙasa kafin su tura ciki. Idan guda biyu ne, gwada ɗaya shi kaɗai a rami na farko, sannan a na biyu, sannan ka ɗauko ɗayan ka maimaita. Gwaji huɗu ke nan, kuma a ƙarshensu za ka san ko ram ne ya mutu ko rami.

Sai maganar iri. DDR3 na laftof haƙora 204 gare shi, DDR4 kuwa 260, kuma tsagar da ke tsakanin haƙoransu ba wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya. In ya ƙi shiga kada ka tilasta. Inda tarkon yake shi ne tsakanin DDR3 da DDR3L. Tsawonsu ɗaya, tsagarsu ɗaya, kowanne yana shiga ramin ɗan uwansa lafiya lau. Amma na farko wutar bolt 1.5 yake ci, na biyu 1.35. Laftof masu injin Intel zubi na huɗu, waɗanda suka fara fitowa a 2013, mai L suke bukata. Za ka gane su da lambar injin da ta fara da 4, kamar i5-4300U. In ka ciro ram daga gawar da ta girme ta ka zura mata, zai zauna daram, amma tana iya ƙin nuna komai. Duba 'yar takardar da ke manne a jikin ram ɗin: PC3 ne aka rubuta ko PC3L? Harafi ɗaya ne tak, amma ya sa mutane sun sayi gilashin da ba su bukata. Hajiya ta Jidda, ki ce wa yaron ya ɗauko miki hoton takardar nan kafin ki sake aiko da komai.

Wayar gilashi: garin gyaran gira

Daga bod akwai wata siririyar waya da ke bi ta cikin maƙogwaron murfi zuwa bayan gilashi. Idan kanta bai shige sosai ba, ko ya shiga a karkace, ko murfi ya danne ta lokacin ɗaurewa, babu hoto. Cire ta ka mayar a miƙe, ta ɓangaren bod da ta ɓangaren gilashi, ka mayar da salatif ɗin da ke riƙe da ita.

Amma ina roƙonku, kada a taɓa wannan waya alhali batir yana jone, ko da na'urar a kashe take. A cikin wayar akwai layin wuta mai ƙarfi na fitilar gilashi, dab da layukan hoto. In kan ya ɗan goce ya haɗa su, sai wani ɗan fiyus da ke kan bod, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya ƙone. Daga nan ko sabon gilashi ka sa ba zai haska ba sai an sauya fiyus ɗin. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Gilashin ma iri-iri ne. Tsofaffi da yawa haƙora 40 gare su, na baya-bayan nan da yawa 30, kuma akwai masu 40 na zamani da yarensu ya sha bamban da na tsofaffin. Inci 14 da inci 14 ba shi ke nuna za su yi aure ba. A bayan kowane gilashi akwai takarda mai lambar samfuri, ita ake bi.

Abin da ido ba ya gani

Wata rana ɗan maƙwabcinmu, ɗalibi ne da suka taso daga Madani, ya kwana biyu yana fama da wadda ya haɗa. Uban har ya yi cinikin tunkiyarsa don a sayo gilashi daga Sinnar. Da yamma yaron ya kira mai gyaran da ke jikin rumfata, wanda muke tsokana da bashmuhandis, ni ma na bi su. Muna shiga ya ce, "Baffa, wallahi na yi duk abin da aka ce. Ram na goge, waya na mayar, ta ƙi."

Bashmuhandis bai ko taɓa sukudireba ba. Ya dubi teburin ya ce, "Ɗana, mene ne wannan a ƙarƙashinta?"

"Ɗaya gawar ce, Baffa. Teburin ne ya yi ƙasa, na ɗora ta a kai."

"To ɗauke ta ka ajiye a kan katako."

Yana ɗaukewa ya danna, sai ga tambari ya haska. Ashe a jikin murfin laftof akwai ɗan maganaɗisu, a gangar jikinta kuma akwai abin da ke jin kusantarsa. Da shi take sanin an rufe ta, sai ta kashe fuska. Maganaɗisun ta ƙasa ne ya rinƙa gaya wa ta sama cewa a rufe take. Lasifika ko jakar waya mai maganaɗisu ma suna iya yin haka. Tunkiya dai ta kwana a gida.

Caja da kahraba

Idan ko fitila ba ta kawowa, caja za a fara tuhuma. Juya ta ka karanta: yawancin na Dell da HP bolt 19.5 ne, na Lenovo 20. Ka kwatanta da abin da aka rubuta a ƙasan laftof ɗin. Manyan kawunan cajar Dell da na HP sun yi kama har ɗaya na shiga ramin ɗaya, amma 'yar allurar da ke tsakiyar kan ita ke gabatar da cajar ga na'ura, kuma kowane kamfani da yarensa. In allurar ta karye ko ta lanƙwashe, sai ka ga ba ta caji ko tana aiki da nauyi. Haka kuma na'urar da ke son wat 90 ba ta jin daɗin caja mai 45. Ara wadda ka tabbatar tana aiki a wurin mai irin taka ka gwada kafin ka saya, ko da a wurina za ka saya.

Mu da muke zaune kusa da madatsar Sinnar tun 1925 mun san kahraba ba ta da alkawari, balle yanzu. In da janareta kuke, a bari ya daidaita kafin a jona. In wuta ta dawo bayan ɗaukewa, a ɗan saurara mata.

Idan tana ƙifta ido ko tana kuka

Na'urar da ba ta iya nuna rubutu takan faɗi ciwonta da ƙiftawar fitila ko da ƙara. Kada ka ce ai tana ta ƙyafƙyafta kawai, ƙirga. A yawancin Dell na zamani, ruwan lemo sau 2 da fari sau 3 na nufin ba ta ga ram ba, 2 da 7 kuma gilashi ne. HP takan ƙifta fitilar Caps Lock. Ma'anar tana sauyawa daga samfuri zuwa samfuri, saboda haka ka rubuta adadin da lambar samfurin ka nema a shafin kamfanin ranar da aka samu intanet.

Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo a jikin bod, mai bolt 3, wanda ke riƙe agogo da saitin farko. Gawar da ta shekara biyu a buhu mai yiwuwa nata ya mutu. Zare shi na minti biyar ka mayar, ko ka sa sabo, kuɗinsa kaɗan ne. A HP kuma, in saitin farkon ne ya rikice, akan danne Windows da B sannan a kunna, sai ta yi ƙoƙarin gyara kanta.

Inda ya kamata a tsaya

In ka bi duk waɗannan, talabijin bai nuna ba, Caps Lock bai amsa ba, ram mai kyau bai tayar da ita ba, to ciwon yana kan bod, kuma ya wuce aikin gida. Kada ka yarda da masu cewa a gasa bod da na'urar busar da gashi ko a shanya shi a rana. In ka ji ƙauri, ko wani wuri ya yi zafin da yatsa ba ya jurewa, zare wuta nan take. Batir ɗin da ya kumbura kuma ba a matsa shi, ba a huda shi, ba a ajiye shi a ɗakin kwana, domin yana kamawa da wuta. Sannan ka yi lissafi irin namu: idan kuɗin bod da na mota da na mai gyara sun kusa kuɗin wata ta hannu mai aiki, sayi mai aikin ka zura rumbunka, gawar kuma ka sayar da kayanta ɗaya-ɗaya.

Ku kuma 'yan uwa da ke Jidda, Dubai, Alƙahira ko Kano kuna aiko da kaya, Allah ya saka da alheri, amma a daina saye da ido. Kafin ku je kasuwa ku nemi hoto uku daga gida: takardar ƙasan laftof, takardar jikin ram, da takardar bayan gilashi. Ku nuna wa mai shago, ku sa ya gwada kayan a gabanku, domin abin da ya tsallako Bahar Maliya ba ya komawa. Gilashi kuma a sa shi tsakanin kwali biyu masu tauri, kada a cusa shi cikin tufafi a ce ai da laushi.

Wanda tasa ta tashi, aikin farko shi ne ya kwafe lissafi da takardun makaranta da na gona a filas, ya kuma tura kwafi ga wani ɗan uwa a wani gari. Wanda ya ga yadda layukan waya suka ɗauke a Fabrairun 2024, har Bankak ya tsaya cak, ya san littafin takarda ma bai tsufa ba. Ni har yau ina da nawa a ƙarƙashin teburi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake gane batirin sola na hannu da aka yi wa fenti aka ce sabo ne. Mai tambaya ya aiko ta hannun editoci kamar kullum. Allah ya zaunar mana da ƙasa lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa.